Murfin tankin mai na motar haibirid: orijina, na kasuwa, ɗan kwance ko mai makulli?

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, mutane suka ƙara waiwayar motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da batir: Prius, Camry Hybrid, Highlander, RAV4 da 'yan uwansu na Lexus. Mai irin wannan mota hankalinsa yana kan babban batir, don shi ne kayan tsada. Amma sau da yawa abin da ke fara kunna masa wutar cek-injin bai fi tafin hannu ba: murfin tankin mai. Wani robarsa ce ta bushe, wani an manto shi a kan famfo a gidan mai, wani kuma igiyarsa ce ta tsinke ya faɗi a hanya. Idan an je saye, sai a tarar da kala huɗu a gaban mutum, kowanne mai shago na cewa "zai hau". Hawa kam zai hau. Ko zai toshe yadda motar ke so, wannan magana ce daban.

Aikin da murfin ke yi

Fetur na yin tururi ko da mota na ajiye, balle a ranar bazara. Motocin zamani ba sa barin tururin ya fita iska. Akwai wani gwangwani cike da gawayi kusa da tanki, wanda bakanikai ke kira kanista, shi ke tsotse tururin ya riƙe. In inji ya tashi ya yi zafi, sai wani bawul ya buɗe, inji ya zuƙe tururin ya ƙone shi tare da mai. Wannan duka ba ya tafiya daidai sai tanki, bututai, kanista da murfi sun zama a toshe ruf.

A nan haibirid ta bambanta da sauran motoci. Injinta ba kullum yake aiki ba: a cunkoso ya mutu, a gangara ya mutu, a danja ya mutu. Lokacin da zai wanke kanista kaɗan ne. Saboda haka a haibirid da yawa, musamman 'yan Amurka da waɗanda ake jona wa caji irin su Prius Prime da Chevrolet Volt, an sa wani bawul tsakanin tanki da kanista wanda ke kulle tururin a cikin tankin kansa. Alamar irin wannan mota a fili take: ƙofar tanki da maɓalli ake buɗe ta, kuma in ka danna ba ta buɗewa nan take. Takan ɗauki har daƙiƙa 10 tana sauke matsin ciki, sannan allo ya nuna cewa za a iya zuba mai. Murfin irin wannan tanki yana zaune ne da matsi a ƙarƙashinsa wuni guda, wanda ya fi na motar fetur zalla.

Shi kansa murfin, in ka juya shi, abu uku ne. Akwai robar da ke zama a kan leɓen wuyan tanki. Akwai ɗan bawul mai sifirin a tsakiya, wanda ke barin iska ta shiga in tanki ya tsotsu da yawa, ya kuma saki matsi in ya wuce kima. Sai haƙoran da ke cikin mariƙi, masu yin "ƙas" in an ɗaure. Aikinsu su hana a matse robar fiye da ƙima ko a bar ta sako-sako. Robar ido na iya ganinta. Ƙarfin sifirin ɗin bawul kuwa ido ba ya gani, kuma nan ne murfi biyu masu kama ɗaya suke rabuwa.

Kafin ka fitar da kuɗi

Ba kowace wutar cek-injin ce ta murfi ba, don haka a fara sa wa motar kwamfuta a karanta lambar matsalar da ta ajiye. P0457 kusan kai tsaye murfi take nufi: a kwance yake ko babu shi. P0455 babban yoyo ne, kuma murfi ne farkon abin zargi. P0442 da P0456 ƙaramin yoyo ne, na huda kamar milimita 1 da rabin milimita. Zai iya zama busasshiyar roba, zai iya zama tsagaggen tiyo a saman tanki. Amma in ka ga P0441 ko P0446 su kaɗai, hankali ya fi karkata ga bawuloli da kanista, kuma sabon murfi da wuya ya kashe su.

Hanya mafi arha ta tabbatarwa ita ce aro. A samu mota irin taka, shekara ɗaya, wadda ba ta da wannan wuta, a ɗaura murfinta a taka, bakanike ya goge lambar ya sa motar ta gwada kanta. Manhajar Toyota ta Techstream tana iya tilasta wannan gwaji a gareji. In yoyon na nan da murfin aro, sai a koma gwajin hayaƙi: a hura hayaƙi mai ƙaramin matsi cikin bututan a ga inda yake fitowa. Kada a yarda a hura iskar kwamfireso ta falkanaiza. Ƙarfinta ya fi abin da tanki da bawulolin za su ɗauka nesa ba kusa ba.

Akwai abu biyu da ke rikita mutane a ƙasashenmu. Na farko, motocin Toyota 'yan Amurka na shekarun baya-bayan nan suna gwajin yoyo ne bayan an kashe su da kamar awa 5, da wani ɗan famfo da ke zuƙe iskar tanki. Wannan ne gurnanin da wasu ke ji daga ƙarƙashin mota cikin dare su ɗauka wani abu ya lalace. Sharaɗin gwajin shi ne ruwan inji ya huce ƙasa da digiri 35. In bai huce ba, motar ta jira awa 2 ta sake dubawa, in har yanzu da zafi ta ƙara awa 2 da rabi. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, motar da aka ajiye da safe a rana za ta iya wuni ba ta cika sharaɗin ba. Shi ya sa wuta kan yi kwanaki ba ta mutu ba bayan an sa murfi mai kyau, ko kuma ta ƙi kamawa duk bazara da murfi marar kyau, sai hunturu ya shigo ta bayyana. Na biyu, dokar gwajin yoyon tururi ta Amurka ce. Motar da aka yi wa kasuwar Turai, irin waɗanda ke shigowa ta Kwatano ana ce musu 'yan Beljiyam, sau da yawa ba ta yin wannan gwaji sam. Rashin wuta a irinta ba shaidar lafiyar murfi ba ce. Sai dai a bi ta hanci da ido. Warin fetur a gefen tayar baya bayan mota ta sha rana, ko baƙin datti mai maiƙo a kewayen bakin tanki, sun isa shaida.

Orijina da na kasuwa

Orijina shi ne wanda kamfanin motar ya ba lamba. A Toyota da Lexus lambar murfin tanki yawanci tana farawa da 77300, sai lambobi biyar na baya waɗanda su ne ke bambanta mota da mota. Ba da sunan mota ake nemansa ba, da lambar shasi ake nema, mai haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Dalili kuwa, Camry mai fetur zalla da Camry Hybrid na shekara ɗaya wani lokaci murfinsu ya zo ɗaya, wani lokaci ya bambanta, haka ma 'yar Amurka da 'yar Turai ko 'yar Japan. Amfaninsa a bayyane yake: tsawon zarensa, kaurin robarsa, ƙarfin bawul ɗinsa da igiyarsa duk na motar ne. Robar kuma irin wadda ke jure fetur mai haɗin itanol da zafi ce, takan yi shekaru da yawa kafin ta bushe. Aibinsa biyu ne: ya fi tsada, kuma ba kullum ake samunsa a shiryayye ba, sai a yi oda a jira.

Aibi na uku ba nasa ba ne, amma a kansa yake faɗawa: jabu. Leda mai tambarin kamfani ba ta da wuyar bugawa. Abin da ke tona jabu shi ne rubutun kan murfi da ya yi dishi-dishi, gefen roba mai kaifi da ba a goge ba, rashin nauyi in an gwada da tsohon a hannu biyu, igiya siririya, da "ƙas" ɗin da ke fita ba ƙarfi. Amma gaskiyar magana, akwai jabun da ido ba ya kamawa. In farashin "orijina" ya yi daidai da na kasuwa, to da walakin. Wanda zai biya kuɗin orijina gara ya biya wurin dillalin kamfani ko mai shagon da zai yarda a dawo masa da kaya in wuta ta dawo.

Na kasuwa kuwa ba abu ɗaya ba ne. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Stant, Gates da MotoRad, masu kundin da ke nuna wane murfi ne na wace mota. In kundin ya ambaci motarka da sunan haibirid ɗinta da shekararta, murfin zai iya yin aiki lafiya, a kuɗin da bai kai na orijina ba. Inda ake samun matsala shi ne murfi ɗaya da aka yi don ya hau motoci da dama: zare ya yi daidai, amma robar ta ɗan fi siranta, ko bawul ɗin ya saki a matsin da bai kai wanda tankin haibirid ke riƙewa ba. Sakamakon shi ne P0456 mai zuwa tana komawa, yau ta mutu, bayan mako biyu ta dawo, mai mota ya yi ta zargin kanista yana kashe kuɗi a inda ba ciwo.

Sai kuma marar suna, wanda ake zubawa a kwali ana cewa "na kowace Toyota ne". Wannan ko a kyauta ba mu ba da shawararsa ga haibirid ba. Robarsa yawanci ta gama-gari ce, fetur ya kumbura ta, rana ta busar da ita, cikin 'yan watanni ta tsage. Wasu ma da gangan aka yi musu hudar numfashi, don an yi su ne wa tsofaffin motocin da ba su da kanista. Irin wannan ko sabo fil ne, yoyo ne a wurin motarka.

Hukuncinmu a nan ba mai wuya ba ne. Motar da ƙofar tankinta ke jira kafin ta buɗe, a sa mata orijina. Bambancin kuɗin bai kai na zuwa gareji sau biyu ba. Motar da ake buɗe ƙofar tankinta da jan hannu a gefen kujera, wadda tankinta ba ya riƙe matsi sosai, murfin sanannen kamfani da ya dace da kundin ya wadatar.

Ɗan kwance

A Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, ba a rasa murfin da aka cire daga motar da aka yanka. Mutane na raina shi, amma yana da wani abu da jabu ba shi da shi: bawul ɗinsa da haƙoransa na kamfani ne. Rauninsa shekaru. Murfin Camry Hybrid ta 2008 robarsa ta haura shekara 15, ta sha sanyin can ta zo ta sha ranar nan. A danna robar da farce: in ta lotsa ta dawo nan take, da sauranta, in ta yi tauri kamar busasshen ƙirgi, ko gurbin farcen ya zauna, ko an ga ƙananan tsaga in an ɗan ja ta, a ajiye. A jijjiga shi kusa da kunne. Ƙarar wani abu na yawo a ciki na nufin sifirin ya karye. A kuma tabbatar daga haibirid irin taka aka cire shi, ba daga mai kama da ita ba. Ɗan kwance mai laushin roba ya fi sabo marar suna, kuma shi ne mafita mai kyau ga wanda murfinsa ya ɓata yana jiran oda. Abin da ba mafita ba ne shi ne cusa tsumma ko leda a bakin tanki: tsumma na jan fetur kamar lagwani, zarensa kuma na gangarawa ciki.

Wasu kan ce a canja robar kawai. In an sami robar kamfani ta wannan murfin, babu laifi. Amma yawancin robobin nan ba zagayayyu ba ne kamar zobe, suna da leɓe mai lanƙwasa da ke buɗewa in matsi ya taso. Zoben roba na famfon ruwa ko na injin ban-ruwa ba zai yi wannan aikin ba, kuma fetur zai cinye shi.

Mai makulli

Da tsadar mai, sha'awar murfi mai makulli ba abin mamaki ba ce. Sai dai a haibirid ribarsa kaɗan ce. Ƙofar tankin da ma daga ciki ake buɗe ta, wuyan tankin kuma siriri ne mai lanƙwasa, da ɗan bawul a ƙasansa, tiyo ba ya wucewa cikin sauƙi. A ɗaya ɓangaren, ramin makulli ƙarin hanyar yoyo ce, ƙurar hunturu na shiga ta cije shi, yawancinsu ba su da igiya, wasu kuma sun fi orijina tsayi har ƙofa ta ƙi rufuwa daidai, allo ya yi ta nuna a buɗe take. In makullin ya ɓata a tsakiyar tafiya, tankin da ba ya buɗuwa ya fi ɓarawon mai tayar da hankali. Inda yake da ɗan amfani shi ne motar da ke yawo hannu da hannu, ta haya ko ta ma'aikata, inda mai makullin mota ba lallai shi ne mai sayen mai ba. Ko a nan, sai wanda kundin ya ambaci motar da sunanta.

Yadda ake canja shi

A kashe motar gaba ɗaya, a tabbatar wutar READY ta mutu. Haibirid na iya yin shiru alhali a kunne take, inji ya tashi da kansa. A danna maɓallin ƙofa a jira ta buɗe da kanta. A taɓa ƙarfen mota da hannu don sauke lantarkin jiki, musamman da hunturu da kaya ke tartsatsi. A murɗa murfin hagu a hankali. In an ji "fuuu", a dakata har ya gama kafin a cire. In maɓallin ya ƙi aiki aka ja hannun gaggawa da ke cikin but, a ninka haƙuri, domin matsin bai sauka ba, mai na iya fesowa.

Igiyar tana maƙale da ɗan ƙusar roba a jikin ƙofa ko bakin tanki. A ɓanɓaro ta da ƙaramin sukundireba mai faɗi. Kafin a ɗaura sabo, a jera shi da tsohon a kan tafin hannu: tsawon zare, faɗin roba da tsayin mariƙi su zo ɗaya. Sannan a duba leɓen wuyan tanki, wanda shi ake yawan mantawa. A goge shi da tsumma mai ɗan danshi, ana sharowa waje kada datti ya faɗa ciki. Tsatsa sama-sama takan fita da soson wanke-wanke na roba. Ba a sa buroshin ƙarfe ko injin gurza a bakin tankin fetur. In tsatsar ta yi ramuka ko leɓen ya lotsa, babu murfin da zai toshe, wuyan ne za a canja.

A ɗaure dama har a ji ƙara. Sababbin murafan Toyota "ƙas" ɗaya suke yi, kuma in ka saki sai murfin ya ɗan koma baya kaɗan. Haka aka yi shi, ba lalacewa ba ce. Tsofaffin kuwa ana murɗawa har a ji kamar sau uku. A motoci masu maɓalli, a gama komai cikin minti 30, don bayan haka bawul ɗin ciki na rufewa. In za a zuba mai bayan nan, sai a sake danna maɓallin, in ba haka ba man ya yi ta dawowa.

Lambar a goge ta da kwamfuta, ba da cire kan ƙaramin batir ba, don cire batir na share har bayanan da bakanike zai buƙata in matsalar ba ta murfi ba ce. Wanda bai goge ba, wutar za ta mutu da kanta bayan motar ta ci gwajin sau uku a jere. A bar mai tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu na tanki, a kwanar da motar a inuwa, a ba ta mako guda.

Abin da ke kashe murfi da wuri

Murfi da ɗan yoyo ba zai hana mota tafiya ba, kuma ba zai sa ta shan mai yadda za ka lura ba. Illarsa ita ce wutar da ke kunne kullum tana ɓoye sabuwar matsala in ta zo, ga ƙura da ruwan damina da ke samun hanya. Kulawarsa kuma ba ta da yawa: a goge roba da leɓen tanki duk lokacin juyen baƙin mai, da hunturu kuma duk wata. Ba a shafa masa giris, baƙin mai ko man birki. Giris na tara yashi, man birki na lalata roba. In robar ta fara kamawa, ɗan man silikon a kan yatsa ya isa. A ƙasan ramin da murfin ke zaune akwai ƙaramar hudar da ruwa ke bi ya fita. In ƙasa ta toshe ta, ruwan wanki da na sama su taru a kewayen wuya su kawo tsatsa. Tsinken tsintsiya ya isa buɗe ta.

A gidan mai, a rataye murfin a maratayin da ke jikin ƙofa, kada a ɗora shi a kan but ko a bar shi yana lilo yana gogar fenti. Kuma da zarar bakin famfo ya katse da kansa, a ce wa mai zubawa, "Malam, bar shi haka." Al'adar jijjiga mota a ƙara cikawa har wuya tana tura ɗanyen fetur cikin kanista, gawayin ya jiƙe, kuma kuɗin kanista ya ninka na murfi sau da yawa. Prius 'yar Amurka ta 2004 zuwa 2009 ta fi kowa ƙin wannan, domin a cikin tankinta akwai jakar roba mai miƙewa da tsukewa. In aka matsa mata, amayo man take yi.

Wasu haibirid ɗin kuma ba su da murfi kwata-kwata, kamar Ford Fusion Hybrid da Honda Accord Hybrid daga 2018: ƙananan ƙofofi ne masu sifirin a cikin wuyan, bakin famfo ke tura su. Ba a saya musu murfi mai zare. In sun nuna lambar yoyo, yawanci yashi ne ya hana ƙofar ciki zama daidai. A ɗauko mazurarin roba da motar ta zo da shi a but, a soka a zare sau biyar ko shida, a goge bakin. Da wannan mazurarin ne kuma ake zuba man jarka in an saya wurin 'yan bumburutu, don gorar ruwa da aka yanke ko tiyo na iya lanƙwasa ƙofar, kuma in ta lanƙwashe wuyan tankin ne gaba ɗaya za a sauke.